Mai Ɗaki Shi Ya San Inda Yake Masa Yoyo: Nasiha ga Matasa Masu Sha'awar Na'urori

A 'yan shekarun nan an samu wani rukuni na mutane waɗanda sana'arsu, ko abin da suka fi ƙauna a rayuwa, shi ne duba sababbin na'urori da bayyana ra'ayinsu a kansu, tun daga wayar salula da kwamfutar tafi-da-gidanka har zuwa wasannin bidiyo da finafinan ƙagaggun labaran kimiyya. Maganarsu ta yi ƙarfin da matashi a Kano ko Maraɗi yakan tara guminsa na watanni ya zuba a kan abin da bai taɓa riƙewa da hannunsa ba, saboda wani mai sharhi a YouTube ya yaba shi da murya mai daɗi. Wannan nasiha ta ɗan da ke cikin wannan hali ce, da 'yar da ke cikinsa, domin asarar da ake gani tana maimaita kanta a tsakaninsu asara ce da ɗan ƙaramin sani zai iya hanawa, kuma abin takaici ne a ce wanda ya fi kowa ƙaunar na'ura shi ne ya fi kowa cutuwa a wajen sayenta.

Ita kanta sha'awar abu ce mai daraja, kuma ya kamata matashi ya san haka tun da farko, ko da a gida ana yi masa kallon mai ɓata lokaci. A 1975 wasu masu sha'awar haɗa kwamfuta suka fara taruwa a jihar Kalifoniya ta Amurka ƙarƙashin sunan Homebrew Computer Club, suna musu a kan wayoyin lantarki da ƙananan sassa, kuma a cikinsu ne Steve Wozniak ya nuna kwamfutar da ta zama Apple ta farko a 1976. A 1991 wani ɗalibi a Jami'ar Helsinki, Linus Torvalds, ya fara rubuta Linux don jin daɗin kansa, ga shi yau kowace wayar Android a kan wannan tushe take tafiya. Abin da ya bambanta waɗannan da mai sha'awar da ke ƙarewa a musu kawai shi ne sun nemi sanin yadda abin yake aiki daga ciki, kuma wannan sani ne yake ba mutum ma'aunin da zai auna ra'ayin wani da shi.

Abu na farko da ya kamata mai sauraron sharhi ya tambayi kansa shi ne wane ne ya biya kuɗin na'urar da ke hannun mai sharhin. Galibin manyan masu sharhi kamfanoni ne suke aika musu da kaya kafin su fito kasuwa, wani lokaci aro, wani lokaci kyauta, kuma da yawansu suna samun kamasho a kan duk wanda ya sayi kaya ta hanyar adireshin da suka liƙa a ƙarƙashin bidiyonsu. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski, kuma ba lallai ne mai sharhi ya yi ƙarya ba kafin wannan ya tabbata a kansa, domin ya isa ya daɗe a kan kyawun abu ya wuce aibinsa da sauri, yana tsoron kada baɗi a manta da shi a wajen rabon kaya. A 2016 hukumar kula da cinikayya ta gwamnatin tarayyar Amurka ta tuhumi kamfanin Warner Bros da laifin biyan wasu fitattun masu bidiyo don su yabi wasan Shadow of Mordor ba tare da an bayyana wa masu kallo ƙarara cewa yabon na kuɗi ne ba. Akwai masu sharhi masu gaskiya, kuma amfaninsu babba ne: a watan Afrilu na 2019 su ne suka nuna wa duniya fuskar wayar Galaxy Fold tana lalacewa cikin 'yan kwanaki, har Samsung ya ɗage fitar da ita zuwa Satumba. Alamar irin waɗannan ita ce suna faɗin inda suka samo na'urar, kuma an taɓa jin sun kushe kayan kamfanin da ke aika musu da kaya.

Ko mai gaskiyar ma yana da iyaka, kuma iyakarsa lokaci ce. Sharhin da ke fitowa ranar da waya ta shiga kasuwa yawanci sakamakon amfani ne na mako ɗaya ko biyu, alhali mai saye zai zauna da ita shekara uku ko huɗu. A watan Agusta na 2016 masu sharhi sun yi ta yabon Galaxy Note 7 a matsayin ɗaya daga cikin wayoyin da suka fi kowace kyau a shekarar, amma kafin Satumba ta yi nisa kamfanin ya janye kimanin miliyan 2.5 saboda batirinsu yana kamawa da wuta, a Oktoba kuma aka daina ƙera ta gaba ɗaya, aka hana shiga jirgin sama da ita a Amurka. Haka wasan Cyberpunk 2077 na kamfanin CD Projekt da ke Polan, wanda mutum miliyan 8 suka biya kuɗinsa tun kafin ya fito a ranar 10 ga Disamba 2020: nau'in kwamfuta kaɗai aka ba masu sharhi su gwada, suka yaba, sai ga shi a kan PlayStation 4 yana cije-cije yana tsayawa, har Sony ya cire shi daga shagonsa na intanet, bai mayar da shi ba sai Yuni 2021. Waɗanda suka haƙura wata biyu ko uku ba su rasa komai ba, sun ji labarin masu gaggawa, wasunsu ma sun saya da rangwame. Sauri ya haifi nawa, kuma a harkar na'ura wanda ya fara saye shi ne yake gwada wa kamfani kayansa da kuɗin aljihunsa.

Inda aka fi yaudarar matashi, kuma inda ya fi cancanta a tsaya a yi bayani, shi ne wajen lambobin da ake bugawa a jikin kwali. Megafiksel, alal misali, ƙidaya ce ta ƙananan ɗigogin da suka haɗu suka zama hoto, kowane megafiksel ɗaya yana nufin ɗigo miliyan ɗaya, kuma a ido wayar da ke da 108 ta ninka mai 12 sau tara. Sai dai kyawun hoto ya fi dogara ga girman farantin da ke karɓar haske a bayan gilashin kyamara, da ingancin gilashin, da manhajar da ke gyara hoton bayan an ɗauka, domin idan aka cusa ɗigogi masu yawa a ƙaramin faranti kowane ɗigo haske kaɗan zai samu, hoton dare kuma ya fito da dusa-dusa. Shi ya sa wayoyi da yawa masu 108 suke haɗa ɗigo tara-tara su zama ɗaya, hoton da suke bayarwa a kullum ya dawo na megafiksel 12, kuma shi ya sa Apple ya zauna a kan 12 tun daga 2015 har 2021 ba tare da hotunan wayoyinsa sun koma baya ba. Haka batun ram yake, wato ma'ajiyar wucin gadi mai sauri inda na'ura ke ajiye abin da take aiki a kansa a wannan lokacin. Idan aka rubuta a kwali cewa waya tana da 8 da ƙarin 8, takwas ɗin farko ne na gaske, na biyun kuwa aro ne daga ma'ajiyar hotuna da bidiyo, wadda ba ta kai ram sauri ko kusa ba, don haka mai saye da ya biya kuɗin 16 bai samu 16 ba.

A ɓangaren kwamfuta kuwa, sunan Core i7 ya cinye kuɗin ɗalibai masu yawa. Sunan yana nuna matsayin furosesa, wato ƙwaƙwalwar da ke yin lissafin na'ura, a cikin tsararta kawai, kuma kusan kowace shekara Intel yana fitar da sabuwar tsara, ta yadda i7 ta 2011 ba za ta iya tsere da i3 ta shekarun baya-bayan nan ba. Lambar da ke bin sunan ita ce ke faɗin tsarar: wadda ta fara da 2 a cikin lambobi huɗu tsara ta biyu ce, wadda ta fara da 8 ta takwas ce. Wannan bambanci yana da nauyi yanzu, domin Microsoft ya sanya 14 ga Oktoba 2025 a matsayin ranar ƙarshen tallafin Windows 10, Windows 11 kuma a ƙa'idance ba ta karɓar yawancin furosesoshin Intel da suka gabaci tsara ta takwas. Sau da yawa ma tsohuwar kwamfutar da ke jan ƙafa ba sabuwa take buƙata ba, abin da take buƙata shi ne a cire mata tsohon faifan ajiya mai juyawa a sa mata SSD, ma'ajiyar da ba ta da sassa masu motsi, a ƙara mata ram, sai ta farfaɗo da kuɗin da bai kai rabin na sabuwa ba. Da tsohuwar zuma ake magani, kuma masu tallan sababbin kaya ba su da dalilin da zai sa su faɗi wannan.

Hatta gwajin awon ƙarfi, wato manhajojin da ke sa na'ura aiki mai nauyi su ba ta maki, ba su tsira ba. A 2013 mujallar intanet ta AnandTech ta nuna cewa Galaxy S4 tana gane lokacin da ake gwada ta sai ta ƙara gudu fiye da yadda take yi a wasannin yau da kullum, a 2018 kuma masu gwajin 3DMark suka cire wasu wayoyin Huawei daga jerinsu saboda irin wannan dabara. Makin da matasa ke jifan juna da shi a musu, ke nan, maki ne na 'yan mintuna a ɗaki mai sanyi.

Wannan ya kawo magana ga abin da ya fi kowane muhimmanci, wato wurin da za a yi amfani da na'urar. Mai sharhin da ke Landan ko Niyok yana gwada waya a ɗakin da ke da na'urar sanyaya iska, da wutar da ba ta ɗaukewa, da intanet ɗin da ba a ƙirga masa data, da shagon kamfani a bakin titi idan fuskar ta fashe. Apple da kansa ya rubuta cewa an ƙera wayoyinsa su yi aiki a yanayin da bai wuce digiri 35 a ma'aunin Selsiyas ba, alhali a Kano da Sakkwato da Yamai zafin watan Afrilu yakan haura 40. Idan furosesa ta yi zafi takan rage gudunta da kanta don kada ta ƙone, batirin litiyam kuma zafi ne babban abin da ke tsufar da shi, musamman idan ana caji ana wasa a lokaci guda, ko an bar wayar a cikin mota da rana. Saboda haka wayar da ta yi zarra a bidiyo tana iya zama mai cijewa a cikin adaidaita sahu da azahar, ta kuma mutu kafin magariba a unguwar da aka kwana biyu ba a ga wuta ba. Kamfanin Transsion na birnin Shenzhen a Sin, mai Tecno da Infinix da itel, ya mamaye kasuwar Afirka ne da abubuwan da manyan masu sharhin Turai ba su cika damuwa da su ba: gurbin layi biyu, batiri mai daɗewa, kyamarar da aka daidaita don baƙar fata, da farashin da talaka zai iya. Wannan ba ya nufin kayansa ba su da aibi, domin ƙananan wayoyi da yawa ba sa daɗewa suna samun sabunta manhajar tsaro, yayin da Google da Samsung suka yi alkawarin shekara bakwai ga Pixel 8 da Galaxy S24. Abin nufi shi ne mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma tambayar da ta fi amfani ga mai saye ita ce ko ana samun fuskar wannan waya da batirinta a kasuwar garinsu, kuma nawa.

Mai gyaran waya a kasuwar Farm Centre ta Kano, wanda ke zaune gaban teburin da ya cika da fuskoki fasassu da batura masu kumburi, yana riƙe da ƙarfen narka dalma yana leƙa allon waya ta gilashin ƙara girma, ya fi kowane mai bidiyo sanin wace waya ce bakin cajinta ke saurin lalacewa, wace ce fuskarta ta kusa kai kuɗin wayar kanta. Shi ke ganin na'ura a shekararta ta biyu da ta uku, lokacin da masu sharhi sun daɗe da mantawa da ita. Matashin da zai sayi tsohuwar wayar da aka shigo da ita daga waje ya kyautu ya tafi da irin wannan mutum, ya sa layinsa a ciki ya kira a gaban mai sayarwa don ya tabbatar ba a kulle ta ga wani kamfanin sadarwa na ƙetare ba, ya duba lafiyar batirin a cikin saituna, ya tabbatar tsohon mai ita ya fita daga asusunsa na iCloud ko Google, domin iPhone da ke ɗaure da asusun wani ba ta da amfani sai a matsayin kayan gyara. Matambayi ba ya ɓata, kuma kunyar tambaya a gaban abokai ta sa samari da 'yan mata da yawa sun koma gida da abin da ba zai buɗu ba.

Game da ɓangaranci, wato masu iPhone su raina masu Android, masu PlayStation su raina masu Xbox, magana kaɗan ta isa. Nokia ta taɓa zama sarauniyar wayoyi, a 2014 ta miƙa sashen wayoyinta ga Microsoft, BlackBerry kuma wadda samari suka taɓa alfahari da lambar BBM ɗinta ta zama tarihi. Wanda ya ɓata da abokinsa, ko ya ci bashi, don kare sunan kamfanin da bai san da zamansa ba, ya yi asarar da ba ta da madafa, kuma 'yar da ta ji ana auna darajarta da tambarin da ke bayan wayarta ta sani cewa masu wannan awo ba su da abin da za su ba ta.

Wasannin bidiyo suna da nasu tarkon, kuma ya fi ɓoyuwa a cikin waɗanda ake saukewa kyauta. Da yawansu suna samun kuɗinsu ne ta hanyar akwatin sa'a, wato mai wasa ya biya kuɗi ya buɗe akwati ba tare da ya san abin da ke ciki ba, ko ɗan wasan ƙwallon da yake nema ne ko tarkace, kuma an tsara abin ne yadda rashin samu zai sa ya sake biya. A 2018 hukumar kula da caca ta Beljiyam ta yanke cewa irin waɗannan akwatuna da ake saye da kuɗi caca ce, har kamfanin EA ya daina sayar da makin wasan FIFA da ake buɗe akwatunan da shi a ƙasar a farkon 2019, a Disamba 2022 kuma Epic Games, mai Fortnite, ya amince ya biya dala miliyan 520 a Amurka kan zargin keta sirrin yara da jawo masu wasa su sayi abin da ba su yi niyya ba. Matashin da ba zai taɓa shiga shagon caca ba saboda addininsa da tarbiyyarsa ya kamata ya dubi wannan akwati da idon da yake duban wancan shago. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya larurar wasan bidiyo a cikin kundin cututtukanta, ta kuma bayyana ta da alamomi uku: mutum ya kasa sarrafa lokacin wasansa, wasan ya shiga gaban sauran al'amuran rayuwarsa, ya kuma ci gaba duk da ɓarnar da yake gani, yawanci na tsawon shekara guda. Hukumar ta ce kaɗan ne daga cikin masu wasa suke kai wa wannan matsayi, don haka wasa bayan kammala aiki da karatu da salla hutu ne halastacce, har yana koya wa wasu tsari da haɗin kai. Ma'aunin yana hannun mai wasan: idan barcinsa da jarrabawarsa da kuɗin abincinsa suka fara tafiya a cikin wasan, lokacin ja da baya ya yi.

Ƙagaggun labaran kimiyya kuwa, wato labaran da ke hasashen abin da ilimi da na'ura za su iya haifarwa, sun cancanci matashi ya karanta su da zuciya ɗaya, kuma ba baƙi ba ne a adabin Hausa, tunda a 1969 Umaru Dembo ya fitar da Tauraruwa Mai Wutsiya, labarin yaron da aka yi tafiya da shi sararin samaniya. Arthur C. Clarke, marubucin irin waɗannan labarai ɗan Ingila, ya bayyana a 1945 yadda tauraron ɗan'adam da aka ajiye a nisan kusan kilomita 36,000 zai riƙa juyawa daidai da juyawar duniya ya isar da saƙo tsakanin nahiyoyi, kuma a 1964 aka harba Syncom 3 zuwa wannan falaki. Abin lura shi ne Clarke ya yi wannan hasashe da lissafi, a cikin mujallar injiniyoyi, domin ya san ilimin da ke ƙarƙashin mafarkinsa. Kamfanoni sun gane cewa matasa suna son gobe, sai suke naɗe kayansu da harshen waɗannan labarai: a 2013 aka sayar da tabaran Google Glass dala 1,500 ana cewa shi zai gaji waya, a Janairu 2015 aka dakatar da sayar da shi ga jama'a. Labari mai kyau yana tura mai karatu ga littafin lissafi da fizis, yana kuma sa shi tambayar wa na'ura za ta amfana wa za ta cutar, talla kuwa ga aljihunsa kawai take tura shi.

Akwai giɓi a fili wanda waɗannan 'ya'ya ne kaɗai za su iya cikewa. Miliyoyin masu jin Hausa suna sayen waya da fitilar sola da batirin ajiyar caji da kwamfutar makaranta, kuma bayanin da suke samu mafi yawa daga bakin mai sayarwa yake fitowa ko daga bidiyon da aka yi don wata ƙasa. Wasu matasa sun riga sun fara sharhin na'urori da Hausa a YouTube da TikTok da Facebook, kuma aikinsu zai yi albarka gwargwadon gaskiyarsu. Saurayi ko budurwar da ke da wannan sha'awa su koyi buɗe tsohuwar kwamfuta su san sunan kowane sashe, su zauna wajen mai gyara ko da na hutun makaranta ne, su gwada waya a zafin bazara da raunin sabis na ƙauye kafin su yabe ta, su faɗi farashin fuskarta da batirinta tare da farashinta, idan kuma wani ɗan kasuwa ne ya ba su ita ko ya biya su, su faɗa wa masu kallonsu tun a farkon magana.